Kwanakin da Aka Rufe Mana Ƙofa

Laraba, 12 ga Muharram, shekara ta 1290, bayan la'asar

Da sunan Allah. Na sami ragowar takardun mahaifina a ƙasan gafaka, bayansu fari ne. Shi ya koya mini rubutu, Allah Ya jiƙansa. Ni ce Hansai, matar Malam na Fakon Gawo. Gida goma sha ɗaya ne mu a kan fako, tsakuwa da ƙaya, da rijiya ɗaya mai gaba ashirin da biyu. Daga bakinta ana hangen ganuwar birni, in iska ta juyo har sautin mabuga muna ji. Can muke kai itace da zare mu dawo da dawa da gishiri. In bazara ta yi, a tafkin gindin ganuwa muke ɗiban ruwa. Can kuma autata Ladidi take aure, da cikinta na fari.

Yau na tarar da wani bafatake kwance a bakin rijiya, jakinsa tsaye da kayan kanwa. Ya ce sunansa Manu, daga wajen Kafur suka taso za su Zazzau, ayari ya bar shi. Jikinsa zafi rau. Na je na gaya wa Malam, muka kwantar da shi a zaure.

Ni na ce a shigo da shi. Gara in rubuta wannan tun yanzu.

Juma'a, 14 ga Muharram, da hantsi

Wasu abubuwa sun feso masa a goshi da tafin hannu. Na kira Gwaggo Hajo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu. Ta duba shi, ta ɗago ta dubi fuskata, ni ma na dubi tata. Mu biyu ne masu zanzana a garin nan, mun sha shi tun muna yara, ba ya komo wa wanda ya taɓa yi. Sai ta ce in kawo mata ruwa ta wanke hannu.

Fuskar Malam sumul take. Kwana biyu ke nan shi yake ɗaga kan baƙon yana ba shi kunu.

Asabar, 15 ga Muharram, bayan azahar

Mudi mai unguwa ya zo. Bai shigo ba, daga can gindin gawo ya tsaya.

Ya ce, "Malam Maharazu, ka ɗora mutumin nan a kan jakinsa ya kama hanya."

Malam ya ce, "Hanyar ina, Mudi? Ko zama ba ya iyawa."

"Hanyar da ta kawo shi. Muna da yara a garin nan."

"In na kora shi ya faɗi a bakin rijiyar wasu fa? Su ba su da yara?"

Mudi ya dubi ƙofar zauren. Sannan ya ce, "To kai da iyalinka kada wanda ya ƙara taɓa gugan gari. Za a riƙa ajiye muku naku." Ya juya. Ban ga laifinsa ba. Ban ga na Malam ba. Da na ga laifin wani da na fi samun sauƙi.

Na ce wa Malam ya bar mini jinyar, ni da Gwaggo. Ya ce to. Da na fita ɗauko itace na dawo na same shi a zauren.

Litinin, 17 ga Muharram, da hantsi

Matan da suka tafi birni da itace sun dawo da kayansu a ka. Labari ya riga su. Mai tsaron ƙofa ya tare su tun daga nesa da sanda, ya ce duk wanda ya fito daga Fakon Gawo ba shi ba shiga, ba shi ba tafki, sai abin ya wuce. Maijidda matar Mudi ta ce da ƙarfi ya faɗi sunan, a gaban mutane. Agana. Na rubuta shi sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Maijidda ta jefar da itacenta a ƙofar gidanmu ta wuce. Ban fita ba.

Talata, 18 ga Muharram, da magariba

Tulu tara rijiya ta bayar yau, gida goma sha ɗaya. Rabi laka.

Alhamis, 20 ga Muharram, bayan la'asar

Akwai wata tsamiya a tsakiyar hanya, tsakaninmu da birni. Buba mai shanu ya zo ya ce wani na tsaye can yana ɗaga hula. Na je. Sanda ne, mijin Ladidi, hannuwansa baƙi da shuni, daga marina ya taho. Ya ajiye tulu biyu da ƙwaryar dawa, ya ja baya kamar taku arba'in, sannan na matsa.

Tun da aka yi auren ban taɓa haɗa ido da yaron nan ba. Yau ga ni ina ɗaga murya da surukina a fili kamar mai tallan nono.

Ya ce, "Inna, ina wuni? Ya Malam?"

Na ce lafiya lau yake.

Ya ce duk ranar Asabar da Laraba zai riƙa kawo abin da ya samu. Na ce kada ya karɓi komai daga hannunmu, ko tulun nan kada ya sake ɗauka. Na ce kuma maganar goyon ciki a bar ta, Ladidi ta haihu a ɗakinta. Ya ce ta riga ta ɗaure kayanta tun bayan Cika-ciki, kullum tana tambaya yaushe za a zo a tafi da ita gida.

Na ce, "Ka riƙe ta."

Asabar, 22 ga Muharram, bayan asuba

Baƙon ya cika. Bai gaya mana garinsu ba, ko ya faɗa ban gane ba, bakin duk ya kumbura. Ni da Gwaggo muka haƙa, Malam ya yi masa salla shi kaɗai. Mun ƙone tabarmar da rigar. Jakin yana nan ɗaure, yana kallon hanya.

Lahadi, 23 ga Muharram, da azahar

Tulu bakwai. Ba wanda ya kwanta. Na duba fuskar Malam sau uku yau har ya ce, "Hansai, kin ga baƙo ne?"

Litinin, 24 ga Muharram, bayan la'asar

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da hantsi ina shanya a bayan gida sai na hango mace a kan hanyar birni, ta wuce tsamiya, da ƙunshi a ka, tana tafiya tana dafa ƙugu. Ko a cikin mata dubu na san tafiyar. Ta bi 'yan itace ta fito, ba wanda ya sani.

Na fita da gudu ba mayafi. Na tsaya na ce, "Ladidi, tsaya nan!"

Ta yi dariya, ta ce, "Inna, ni ce fa." Ta ci gaba da tahowa.

Na ce ta koma. Ta ce ba inda za ta, a ɗakina za ta haihu kamar kowace 'ya, in mutuwa ce ta same mu tare. Tana magana tana matsowa. Na ce, "Kada ki ƙara taku ɗaya." Ta ƙara.

Sai na sunkuya na ɗauki hoge na jefa. Ya fashe a gabanta. Ta tsaya tana kallona. Ta sake ɗaga ƙafa, na ɗauki dutse. Wannan ya same ta a ƙauri. Na ga ta dafa wurin. Na ƙara ɗaukan wani na riƙe, na ce mata abubuwan da ba zan sa a takardar mahaifina ba. Na ce ba na son ganinta.

Sanda ya iso yana haki, ya kama hannunta. Ba ta yi kuka ba sai da ta juya. Mai tsaron ƙofa yana bisa ganuwa yana kallo, ya ga ba ta iso gare ni ba, ya bar su suka shiga.

Da na dawo Malam yana ƙofar zaure. Ya ce, "Kin yi daidai." Na ce kada ya yi mini magana.

Talata, 25 ga Muharram, da hantsi

Dutsen bai kai ƙwan zabo ba. Na je na gano shi.

Alhamis, 27 ga Muharram, bayan azahar

Malam ya ce kansa ke ciwo, rana ce. Ya ce bayansa ma, tsufa ne. A zaune ya yi azahar.

Rana ce. Bana rana ta yi yawa.

Asabar, 29 ga Muharram, da la'asar

Maijidda ta kwanta. Yara biyu a gidan Buba sun kwanta. Ita Maijidda ashe ranar da baƙon ya zo ita ta fara ba shi ruwa a ludayinta kafin in iso, ba ta gaya wa kowa ba.

Gwaggo Hajo ta tara mutane a gindin gawo ta ce a yi wa waɗanda suka rage lamba, kamar yadda aka yi a garinsu wajen Bakori tana yarinya. A tsaga fatar hannu kaɗan, a shafa ruwan ƙurjin wanda nasa ya zo da sauƙi. Ta ce za su kwanta, amma yawanci suna tashi. Mudi ya ce shi ba zai ɗauko abu da hannunsa ya sa wa 'ya'yansa ba. Gwaggo ta ce, "Mai unguwa, ya riga ya shigo gidanka, yana ɗakin matarka. Zaɓi kawai ya rage, ta ƙofa ko ta katanga." Gida shida suka yarda. Mudi ya tafi, can an jima ya dawo da 'ya'yansa uku.

Ban je tsamiya ba yau. Gwaggo ta ɗauko abin da Sanda ya ajiye.

Talata, 2 ga Safar, da hantsi

Ƙurajen sun fito wa Malam. Ba irin masu rarrabuwa ba ne, haɗe suke. Gwaggo ta gani, ta fita waje ta daɗe.

Ya ce da ni, "Yarinyar nan watanta ya kusa. Kada a gaya mata komai sai ta sauka." Na ce to. Ya ce in rantse. Na ce shekara talatin da ɗaya ban taɓa ce masa to na saɓa ba. Ya ce, "Sau nawa?" Har ya so ya yi dariya.

Alhamis, 4 ga Safar, bayan la'asar

Tulu huɗu jiya. Yau Mudi ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga rijiya da kansa, shi da bai taɓa yasa ba. Buba da wasu biyu suna ja. Tun hantsi har la'asar ana fito da laka da tsakuwa. Da ya fito ba a gane shi.

Ɗazu na ji motsi a ƙofa. Na leƙa na ga tulu cike, Mudi yana tafiya. Na ce, "Mai unguwa, an gode." Bai waiwayo ba, ya ce, "Ki jiƙa masa baki."

Ƙaramar 'yar Buba ta rasu.

Asabar, 6 ga Safar, da azahar

Sanda ya ce ƙafar Ladidi ta warke. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Ya ce tana gaishe da babanta. Bai ce tana gaishe ni ba.

Ya ce, "Ya na ga Malam bai taɓa zuwa nan ba?" Na ce ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi.

Da sauƙi. Da sauƙi.

Litinin, 8 ga Safar, bayan asuba

Ba ya gani yanzu. Ruwa ma da tsumma nake ɗiga masa. Amma yau da asuba hankalinsa ya dawo sarai, ya kira sunana.

Ya ce, "Kina nan kina cewa ke kika jawo."

Na ce ban ce ba.

Ya ce, "Ina jin alƙalaminki. Ki rubuta cewa ko ba ki zo kin gaya mini ba, da na fita salla zan gan shi, kuma da na shigo da shi. Rubuta."

Na rubuta. Ga shi nan.

Ya ce jakin baƙon a ba Buba ya riƙe amana, ko wani nasa zai biyo sawu. Ya ce gonar gabas a fara shuka ta, ta fi riƙe ruwa. Ya tambaya ko akwai hadari. Na ce akwai. Babu.

Laraba, 10 ga Safar, da hantsi

Mudi da Buba suka haƙa wa Malam. Ban roƙe su ba. Ni na yi wankan. Mudi ya ja sallar, ko da yake bai saba ba.

Gwaggo ta kwance mini kitso.

Alhamis, 11 ga Safar, da azahar

Na dama kunu, na ɗauko ludayi biyu kamar kullum.

Asabar, 13 ga Safar, bayan la'asar

Na lulluɓe kaina da kyau na je tsamiya. Sanda ya ce tun jiya Ladidi take jin baya, ungozoma tana gidan. Ya ce, "Ta ce Malam ya sa ta a addu'a."

Na ce, "Yana yi."

Allah Ka gafarta mini. Ko kuwa ba ƙarya ba ce, ban sani ba.

Lahadi, 14 ga Safar, da magariba

Ba labari. Na zauna a bakin rijiya ina kallon ganuwa tun azahar. Ana ta shiga ana fita da jakuna da kaya, kasuwa tana ci. Hayaƙin girkinsu ma ina gani. Tafiyar da ba ta kai a tafasa tukunya biyu ba.

Litinin, 15 ga Safar, bayan azahar

Namiji! Jiya da la'asar. Sanda bai jira Laraba ba, ya zo yana ɗaga hula da hannu biyu. Ta sha wuya amma tana lafiya, gwaggonsa ce ke yi mata wankan jego.

Na yi guɗa ni kaɗai a tsakiyar fako. Sai na juya zan gudu gida in faɗa wa Malam.

Na zauna a wurin har rana ta take.

Laraba, 17 ga Safar, bayan la'asar

Na gaya wa Sanda. Ya durƙusa inda yake, ya daɗe. Ya ce, "Inna, kwana bakwai kina ɗauke da wannan?" Ya taso zai matso, na ce ya tsaya a wurinsa. Shi ya ji magana, ban ɗauki dutse ba.

Na ce kada ya gaya mata, jego ɗanye ne, nono zai iya ɗaukewa. Ni zan gaya mata da bakina in an buɗe ƙofa. Ya ce in ta tambaya fa? Na ce ya ce da sauƙi.

Maijidda ta tashi. Ido ɗaya ya tafi. Ta aiko mini da daddawa.

Lahadi, 21 ga Safar, da hantsi

Yau suna. Na share tsakar gida, na sa zane mai tsabta, na zauna. Ban san abin da aka raɗa masa ba.

Juma'a, 26 ga Safar, bayan azahar

Mutum bakwai muka binne, har da baƙon. A cikin waɗanda Gwaggo ta yi wa lamba ɗaya ne ya tafi. 'Ya'yan Mudi uku suna wasa a gindin gawo da tabo a hannu. Kwana tara ba wanda ya sake kwantawa.

Sanda ya zo shekaranjiya da ƙaurin rago. Na tambayi sunan, ya ce Ladidi ta ce ita za ta gaya mini. Ban sani ba ko fushi ne.

Talata, 1 ga Rabi'ul Awwal, da la'asar

An yi ruwa. Ba mai yawa ba, amma ƙasa ta yi ƙamshi. Buba ya shuka mini gonar gabas.

Alhamis, 10 ga Rabi'ul Awwal, bayan magariba

Shekaranjiya aka aiko daga birni, wani dattijo ya zagaya gida gida yana duba fuskoki da hannuwa. Jiya aka ce an buɗe mana.

Na ƙone duk abin da na sa a jinya. Na yi wanka da toka, Gwaggo ta ara mini zane. Mai takaba tana iya fita da rana in da larura, muddin ta kwana a ɗakinta, haka na karanta a wurin mahaifina. Na tafi da hantsi. Da na zo tsamiya sai ƙafata ta tsaya da kanta, sai da na yi mata faɗa.

Mai tsaron ƙofa ya kauce ya ce, "Sannu, Inna. Allah Ya ba da haƙuri." Cikin birni hayaniya kamar ba abin da ya faru. Wata mai fura ta ja ƙwaryarta da ta gan ni.

Na yi sallama a ƙofar ɗakin. Ladidi tana kan gado, ta yi fari ta rame, ɗakin yana ƙamshin kunun kanwa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Ta dubi kaina, ta dubi idona ba kwalli, ta dubi wuyana ba tsakiya.

Ta ce, "Yaushe, Inna?"

Na ce, "Laraba. Kwana huɗu kafin ki sauka."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ta sani. Ta ce Sanda bai iya ƙarya ba, ran da ya dawo ya ƙi cin tuwo ta gane, amma ta bar shi, don ta ga ni nake so in faɗa. Sannan ta yi kukan. Na hau gadon na riƙe ta. Rabona da in taɓa jikinta tun kafin Sallar Layya. Na fara cewa ta yafe mini abin da na yi mata a hanya, ta sa hannu ta rufe mini baki.

Can ta share fuska, ta ɗauko jaririn daga bayanta ta ɗora mini a cinya. Baƙi ne, mai dogayen yatsu, fatarsa ba ko ɗigo.

Ta ce, "Sunan Baba aka sa masa. Ni na ce a sa."

Sunan da ban taɓa kira da bakina ba tun ina amarya. Ita ma ba za ta iya kiransa ba. Muka zauna mu biyu muna kallonsa, ba mai abin da za ta ce masa. Sai ya buɗe ido ya ɓata fuska zai yi kuka.

Na ce, "Haba maigida, daga zuwana sai faɗa?"

Ladidi ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta ce shi ke nan, ya sami suna.

Na baro su da la'asar, na iso gida kafin rana ta faɗi. Asabar zan koma, ta ce in taho mata da kuka.